Muhawara: Shin bita na ceto aikin da ya tsaya?

Injiniya Bala: Jama'a, ina nan kan bakana. Kuɗin da ma'aikatu ke kashewa wajen kai ma'aikata bita a otal asara ne. Ku dubi Ajaokuta. Tun 1979 aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfen, aka tura matasanmu waje suka koyo aiki, suka dawo, da yawansu har sun yi ritaya ba a fara narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Rashin horo ne ya tsayar da ita?

Hajiya Rabi: Injiniya, ka ɗauko babban misali ka danne ƙananan. Yawancinmu ajujuwa da burtsatse da asibitin karkara muke yi. Inda nake aiki an gina ɗakin haihuwa, an sa tayil, an yi fenti, sannan aka tuna ba a ja bututun ruwa ba. Da guduma aka fasa tayil ɗin, mata kuwa suka ci gaba da haihuwa a tsohon ɗaki mai yoyo. Kuɗi ya fito a kan kari. Mai lura da aikin ne bai san abin da ke gaba da wani ba, kuma wannan koyar da shi ake yi.

Malam Sani: Gaskiyarki, Hajiya, amma wa ake turawa? Sunan darakta ke fara hawa takarda saboda alawus. Yaron da ke tsaye cikin rana tare da ɗan kwangila ba ya leƙa ko ƙofar zauren.

Issufu daga Maraɗi: Mu ma ga madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara. An aza harsashi a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, sai 2019 kamfanin Gezhouba na China ya kama aiki. Duk sauyin hannu shekaru yake ci. Ni ina bayan Injiniya.

Injiniya Bala: Madalla. Dokar ba da kwangila ta Najeriya, yadda aka fara kafa ta a 2007, cewa ta yi kuɗin somin aiki kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Sauran sai an duba aiki an sa hannu. Fayil ya kwana watanni a kan tebur, siminti ya tashi, ɗan kwangila ya kwashe leburorinsa. Wace bita ce za ta motsa fayil?

Hajiya Rabi: Fayil na kwana ne don ba a ɗora wa kowa binsa ba. Bayan abin tayil ɗin nan muka sa zama duk Litinin, a tsaye, a wurin aikin, da akanta da magini da mai sito. Kowa ya faɗi abin da ya riƙe shi, a rubuta sunan wanda zai warware da ranar. Akanta da ya ga rufi a buɗe ga damina ta ƙarato, ba ya barin takarda ta kwana.

Injiniya Bala: Wannan ai ba bita ba ce, Hajiya.

Hajiya Rabi: A bita na koyo shi, ranka ya daɗe.

Malam Sani: To a yi ta a filin aiki, a kuma tilasta wa duk wanda aka yi wa canjin wuri ya bar takardar miƙa aiki.

Injiniya Bala: Ta filin aiki na yarda da ita. Ta otal kam, ko gobe aka kawo mini takardar ba zan sa hannu ba.