Haƙurin Sita: mace ta gari ce, ko wadda aka zalunta aka ce ta yi shiru?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jiya muna hira da ƙanwata da ake shirin bikinta, maganar haƙuri ta taso. Na ce mata ko Indiyawan nan da muka tashi muna kallon finafinansu, macen da suka ɗauka madubi ita ce Sita, matar Rama, ta cikin Ramayana, tsohon labarin nan na Indiya. Ga wanda bai san labarin ba: 'yar Sarki Janaka ce, ta auri yarima mai jiran gadon Ayodhiya. Ana shirin naɗinsa kishiyar uwarsa, Kaikeyi, ta sa uban ya tura shi daji shekara 14 don ɗanta ya hau. Sita ta bar daular fada ta bi mijinta. A can Rawana sarkin Lanka ya sace ta, ya yi lallashi ya yi barazana, ta ƙi shi. Da mijinta ya ci yaƙi ya nuna shakka a kanta, ta shiga wuta ta fito lafiya lau. Ni a ganina wannan ita ce mace ta gari: ba ta ɗaga wa miji murya, ba ta ce masa a'a. Ƙanwata ta ce sam. Ku raba mu.

Autar Mama: Wa alaikumus salam. Ni ce ƙanwar. Yaya, a rabin labari kika tsaya. Bayan wutar sun koma gida, an naɗa shi, ta samu ciki. Sai aka kawo masa rahoton cewa mutanen gari na surutu, wai ya karɓi matar da ta zauna a gidan wani. Bai kira ta ya tambaye ta ba, bai ma gaya mata ba. Ƙaninsa Lakshmana ya sa ya ɗauke ta a keken doki da sunan ziyarar masu ibada, ya tsallakar da ita kogin Ganga ya baro ta. Da ciki fa, Yaya. A daji ta haifi 'yan biyunta, Lawa da Kusha. Wannan kike so in ɗauka in tafi da shi ɗakina?

Baban Sadik: Ƙanwata, ki yi wa Rama adalci. Ba miji kaɗai ba ne, sarki ne. Abin da mutanen ke cewa shi ne, tunda sarki ya yi haka, su ma dole su kau da kai daga abin da matansu suka yi, don abin da sarki ya yi shi talaka ke bi. Ya san ba ta da laifi, ya faɗa da bakinsa, amma ya zaɓi amanar jama'a a kan daɗin ransa. Kuma ku lura, ubansa mata uku gare shi, shi kuwa har ƙarshe bai ƙara aure ba. Da ya tashi babbar layyar doki, wadda sai da mata a gefe ake yin ta, mutum-mutuminta na zinariya ya sa aka ƙera. Wanda ya ƙi mace ba ya haka. Sannan ita ma da nata: da ba ta tsallake layin da Lakshmana ya zana mata a ƙofar bukka ba, da ba a sace ta ba.

Hajiya Inna: 'Ya'yana, kafin ku yi nisa. Waɗannan mutanen abin bautar wasu ne, mu kuwa mun san Ubangijinmu. Ina fata labari kawai kuke tattaunawa.

Malamar Adabi: Haka ne Hajiya, a matsayin adabi muke dubansa, kamar yadda ake karanta na Girkawa a makaranta. Kuma za mu kiyaye harshe, tunda miliyoyin mutane na girmama sunayen nan.

Maman Ilham da Auta, ku biyun a tabarma ɗaya kuke zaune ba ku sani ba. Dukanku kun yarda Sita shiru-shiru ce, ɗaya na yabo ɗaya na jin haushi. Wannan Sitar ta bakin mutane ce. Wadda ke cikin asalin waƙen Ramayana na mawaƙi Balmiki, mai baiti kusan 24,000 cikin harshen Sanskirit, wanda asalinsa ya haura shekara 2,000, bakinta ba ya mutuwa.

Ku fara daga fitarsu daji. Rama cewa ya yi ta zauna a gida, ya lissafa mata zakuna da macizai da ƙaya da yunwa. Ta ƙi. Da ya nace, sai ta tambaye shi me ubanta zai ɗauka in ya ga ya aurar da 'yarsa ga mace mai siffar namiji. Wato bin nan da Maman Ilham ke yabo, da gardama ta same shi, a kan maganar mijin.

A cikin dajin kuma ita ta zaunar da shi ta yi masa nasiha. Ya yi wa masu ibada alkawarin kashe dodannin da ke damunsu, ta ce tana tsoron ya auka wa waɗanda ba su yi masa komai ba. Ta ba shi labarin wani mai ibada da aka ba ajiyar takobi, yau da gobe yawo da takobin nan ya juya masa zuciya har ya zama mugu.

Ranar da aka ci Lanka ita ce ta fi tsaya mini a rai. A gaban taro Rama ya ce ba dominta ya yi yaƙin ba, don ya wanke sunan gidansu ne, ta tafi duk inda ta ga dama. Ba sunkuyawa ta yi ba. Tana kuka ta ce masa don me yake mata magana irin ta gama-garin namiji ga gama-garin mace, ta ce zuciyarta da take iko da ita tana wurinsa, jikinta da aka fi ƙarfinsa kuwa yaya za ta yi? Kuma ba shi ya ce a hura wuta ba. Ita ta juya ta ce wa Lakshmana ya haɗa itace.

Baban Sadik, layin nan da ka ambata babu shi a waƙen Balmiki. Daga baya masu ba da labari suka ƙara shi, ya bazu har ya zama karin magana a Indiya. Ka duba aikin da yake yi: ya ɗauke laifi daga kan ɓarawo ya ɗora wa wadda aka sace. Kuskurenta na gaske a wannan wurin wani ne daban. Da ta ji ihu da muryar Rama daga cikin daji ta ce a je a duba, Lakshmana ya ƙi barinta ita kaɗai, sai ta zarge shi da cewa yana so wansa ya mutu ya same ta. Magana ce mai ciwo, ita ta sa ya tafi. Mawaƙin bai ɓoye mata wannan ba.

Maman Ilham: Malama, na gode, wallahi ban san da waɗannan ba. Na janye maganar ba ta cewa a'a. Amma duk gardamar da kika lissafa don mijin ta yi ta, ba don kanta ba. Ai da Hanuman, birin da Rama ya aika nemanta, ya same ta a lambun Rawana ya ce ta hau bayansa ya kai ta, ƙi ta yi, ta ce ba za ta taɓa jikin wani namiji da ganganci ba, kuma darajar mijinta ce ya zo da kansa. Wata goma fa tana tsare a lokacin. Ko magana za ta yi da Rawana sai ta ajiye tsinken ciyawa tsakaninsu. Wannan ba riƙon amana ba ne?

Autar Mama: Riƙon amana ne Yaya, ban musa ba. Tambayata ita ce me aka saka mata da shi.

Ɗan Fagge: Bari in sa baki, na yi shekara huɗu ina karatu a arewacin Indiya. Gaisuwar mutanen unguwar da na zauna ita ce "Sita Ram" ko "Jai Siya Ram", sunanta ke gaba. Tsohuwar da muke haya a gidanta 'yar Bihar ce, daga yankin Mitila, inda suke cewa nan ne garin su Sita. Kullum da asuba tana kunna fitilar mai a gaban hotonsu. Wata rana tana tsince shinkafa a faranti na tambaye ta ko tana so jikarta ta zama kamar Sita. Ta ce hali dai ta yi irin nata, amma kada ta sami irin rabonta. Ta ce a wajensu iyaye da yawa ba sa ɗaura wa 'yarsu aure a ranar da ake bikin tunawa da auren Sita da Rama, don ba sa so ta sha abin da 'yarsu ta farko ta sha. "'Yarsu" ta ce, kamar jiya aka kai ta. Mutanen da ke bauta wa Rama ke nan, amma har yau suna riƙe da shi a matsayin surukin da bai kyauta ba.

Waɗanda suka kalli fim ɗin Lajja na 2001 kuma za su tuna jaruma Madhuri tana wasan Sita a dandali, ta ƙi shiga wutar, ta ce shi ma ya shiga tunda shi ma ya zauna ba ta. Jama'a suka far mata. Su kansu ba su gama wannan muhawarar ba.

Baban Sadik: To amma masana da yawa sun ce littafi na bakwai na waƙen Balmiki, inda korar take, ƙari ne da aka yi daga baya. Mawaƙi Tulsidas, wanda ya fara rubuta nasa Ramayanan a 1574 da harshen Awadi, kuma shi mutanen arewacin Indiya suka fi haddacewa, bai ba da labarin korar ba. Me ya sa za mu hukunta Rama da abin da wataƙila ba ya cikin asali?

Malamar Adabi: Gaskiya ne masana sun faɗi haka. Sai dai maganar Lanka da wutar a littafi na shida suke. Kuma ka tambayi kanka me ya sa Tulsidas ya tsallake. Bai ma tsaya nan ba, a nasa ba Sita ta ainihi aka sace ba, inuwarta ce, ita tana ɓoye a wurin wuta har aka gama yaƙi. Babhabuti, a ƙarni na 8, ya rubuta wasan kwaikwayo ya sauya ƙarshen ya sasanta su. Candrabati, mawaƙiya daga Bengal a ƙarni na 16, ta ba da labarin ta ɓangaren Sita, ta taƙaita yaƙin ta tsaya kan wahalarta. Akwai ma wanda a cikinsa Sita ce ke kashe wani Rawana mai kai 1,000 bayan Rama ya faɗi. Kowa na gyaran wuri ɗaya, don wurin na yi wa kowa ciwo.

Ga yadda Balmiki ya rufe. Bayan shekaru, yaran sun girma sun rera labarin a gaban ubansu, ya gane su. Ya aika a kawo ta, amma da sharaɗin ta sake rantsuwa a gaban jama'a. Ta zo idonta a ƙasa. Ta ce in har ba ta taɓa sa wani namiji a ranta ba ban da Rama, to ƙasa ta buɗe mata. Dama a labarin a gona Sarki Janaka ya tsince ta, sunanta ma na nufin layin da garma ke tsagawa. Ƙasa ta buɗe, ta tafi.

Maman Ilham: Kin gani? Har numfashin ƙarshe da sunansa ta rantse.

Malamar Adabi: Da sunansa ta rantse, amma ba ɗakinsa ta roƙa ba. Ya nemi shaida don ya mayar da ita, ta ba shi shaidar da babu komowa a cikinta.

Baban Sadik: Ni har yanzu ina ganin sarkin da ya fifita gidansa a kan jama'a ya fi wannan haɗari.

Hajiya Inna: Baban Sadik, jama'ar da ke ƙarya fa? Na yi shiru ina karantawa, amma abin ya taɓo ni. Mu a addininmu wanda ya jefi mace kamila shi ake cewa ya kawo shaidu huɗu, in ya kasa bulala 80 ne, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Yana cikin Suratun Nur, surar da aka wanke Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ba kwatanta su nake ba. Ina nufin nauyin hujja a kan mai magana yake, ba a kan wadda aka yi wa ba. Amma mu da muke da wannan a hannu, muna aiki da shi?

Ina da 'yar uwa, tare muka tashi. Mijinta ya tafi kudu fatauci wata da watanni. Wani ɗan uwansa ne ke kawo mata cefane, a zaure yake ajiyewa yara su shigar. Da mijin ya dawo aka cika masa kunne a majalisa. Ya ce mata shi bai yarda ba, amma ba zai iya fita cikin mutane ba. Cikinta wata shida. Ni na je na kwaso kayanta. Ina tuna tana naɗe tabarmar sallarta hannunta na rawa, ga tuwon da ta tuƙa masa a rufe a kwano ko taɓawa bai yi ba. Duk wanda ya shigo cewa yake ta yi haƙuri. Ban ji wanda ya ce a kira masu maganar su maimaita a gabanta ba. Yaron da ta haifa kamar an tsaga kara da ubansa.

Autar Mama: Allahu akbar. Hajiya, bai zo biko ba?

Hajiya Inna: Ya zo, bayan shekara uku, da manyansa. Suka ce ta dafa Alƙur'ani a gaban danginsa don bakin mutane ya mutu, sai a mayar da aure. Ta yi alwala ta dafa, ta rantse. Sannan ta ce a gaya masa ta yafe masa duniya da lahira, ta ɗauki ɗanta ta shige ɗakin mahaifiyarmu.

Maman Ilham: Ba ta koma ba ke nan, Hajiya?

Hajiya Inna: Ba ta koma ba. Ɗinki ta kama, da shi ta yi wa yaron karatu. Bara ta aurar da shi.