Wace raga ce ƙugiya ba ta sarƙewa a cikinta? Ina neman shawara kafin in saya

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Jama'a, waɗanda suka san ruwa nake nema. Aiki ya kawo ni Yawuri, kuma ranar Asabar nakan bi wani yaro a kwalekwalensa mu shiga tafkin Kainji ina jefa fatsa. Ba tana nake sawa ba, kifin roba ne irin mai ƙugiya biyu, kowace da baki uku, saboda giwan ruwa da tsage. Damuwata ragar da nake ɗauko kifin da ita idan ya iso gefen jirgi. Ta zare ce mai ƙulli, a nan aka saƙa min aka ɗaura ta a zoben ƙarfe. Kifi na shiga ya yi birgima, shi ke nan ƙugiyoyin sun cakuɗe da zaren, in zauna ina tsinta, wani lokaci sai na sa reza. Ɗan lokacin da kifi ke ci da sassafe a warwara yake ƙare min. Ƙanena da ke Abuja ya ce ya ga iri biyu: ta roba zalla, da wadda zare ne aka shafe da roba. Abin da zan iya kashewa bai wuce naira 15,000 ba. A lura, a cikin jirgi nake, kuma da hannu ɗaya nake riƙe ragar, ɗayan yana kan sandar fatsa. Wanda ya taɓa aiki da ɗaya daga cikinsu ya gaya min gaskiya.

Ɗan Tiga:
Wa alaikumus salam. Malam ka nemi birgi kawai, ragar jifa. Jifa ɗaya ka samu karfasar miyar sati.

Mai Gura:
Birgi wahala ce. Gura, tarkon kifi, ka girka da yamma da dusa a ciki, da safe ka je ka ɗebe.

Malamin Firamare:
Na gode, amma ba hanyar kamu nake son canzawa ba. Ragar ɗauko kifin da ya riga ya ci ƙugiya nake tambaya.

Baba Basarke:
Yaro, mu da munka gaji ruwan ga tun kafin a datse shi a 1968, ba mu san wata raga ta ɗauko kifi ba. Giwan ruwa in ya gaji shi ka juyo cikinai da kainai, sai ka sa mashi zago, mashin su, ko ka kama shi ta kunne. In dole sai raga, ka nemi homa, ragar hannu ta gargajiya.

Injiniya:
Allah ya ƙara girma Baba. Malam, na yi aiki da duka biyun. Zaren nailan silili ne da yawa aka murɗe, to bakin ƙugiya tsakaninsu yake kutsawa, kunnenta, wato ɗan tsinin da ke kallon baya, kuma ya hana ta komowa. Kowane ƙulli ma wurin kamawa ne, kuma iya ƙanƙantar idon raga iya yawan wurin sarƙewa. Roba zalla kuwa jiki ɗaya ce, ƙugiya ba ta da inda za ta shiga, rataya kawai take yi, kana girgizawa ta faɗo. Aibinta nauyi. A ruwa mai gudu ja take yi, mai hannu ɗaya zai ji a wuyan hannunsa. Ka duba zurfinta kuma: mai zurfi kamar buhu ita ke ba kifi damar naɗe kansa, mai shimfiɗaɗɗen gindi ta fi. Tawa 28,000 na saye ta.

Ɗan Tiga:
28,000 a raga? Wallahi ni 3,500 na sayi ragar roba, har yanzu tana nan.

Injiniya:
Taka irin silili ɗaya ce da ake yin kalli (ragar da ake girkawa a ruwa kifi ya maƙale) da ita, mai sheƙi. Wadda nake nufi mai kauri ce, tana miƙewa in ka ja.

Kawu Mai Tarwaɗa:
Malam, don Allah ka tsaya ka saurare ni kafin ka tura wa ƙanenka ko sisi. Waccan ta biyun, wadda aka shafe da roba, ita ta nakasa min yatsa. 12,000 na biya. Mai shagon har da rantsuwa cewa ƙugiya ba ta kama ta. Da farko kam haka ne, sumul. Rana na dukanta shafen ya fara tsagewa yana ɓarewa, zaren ciki ya bayyana, kuma ya fi na gargajiya muni, domin ƙugiyar ƙarƙashin ɓawon take shigewa. Ranar da abin ya faru ramboshi ne na kama, babba, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa. Baki ɗaya na ƙugiyar yana leɓensa, biyu sun kama raga. Na kai hannu in cire, ya yi fizga ɗaya, ɗaya ƙugiyar ta shige min gindin babban yatsa har ta ɓace. Ka ga ni ga kifi ga raga, duk a ɗaure wuri ɗaya, yana harbawa ina jin ƙarfen yana taɓa ƙashi. Yaron da ke tuƙi sai da ya danne kan kifin da gwiwa ya yanke ragar da wuƙa.

Sarkin Fawa:
Allah ya kiyaye gaba Kawu. Amma ku masunta kun cika son wahala. Ni tunda nake ban taɓa jin rago ya soki mutum da ƙugiya ba. Ku zo ku sayi tsoka ku huta.

Baba Basarke:
Mahauci, ranar da kunka yi baƙi kifi kuka aiko saye. Yi mana shiru.

Kawu Mai Tarwaɗa:
Ban gama ba. Da muka fito gaɓa aka kai ni wani kemis, ya kama ƙugiyar da filaya ya ja ta baya da ƙarfin tsiya, kunnen ya yago nama. Hannun ya kumbura ya yi ruwa, damina guda ban riƙe filafili ba. Jarin da na tara na kalli duk a magani ya tafi, har na sayar da akuyar uwargida. Yanzu haka yatsan ba ya lanƙwasuwa, ko maɓallin riga da hagu nake sawa. Na koma wurin mai shagon da ragar a hannu, abin da ya ce min shi ne ai rana ce ta ci ta. To a inuwa ake su?

Maman Asibiti:
Sannu Kawu, abin ba daɗi. Don amfanin kowa: ƙugiya mai kunne ba a fizgo ta baya. Ku fara yanke zaren ku raba ta da kifin, ku rufe wurin, ku je asibiti. Sau da yawa turo bakin ake yi gaba ya ɓullo, a datse kunnen sannan a zare. A kuma yi allurar tetanus. Idan kusa da ido ce ko a gaɓa, kada kowa ya taɓa.

Kawu Mai Tarwaɗa:
Da na samu mai gaya min haka a lokacin, Hajiya. Ni dai maganata ɗaya, duk wata raga ta kanti yaudara ce.

Injiniya:
Kawu, ban raina abin da ya same ka ba, amma shafaffiya daban, roba zalla daban. Zalla ba ta da ɓawon da zai ɓare. Ita ma rana tana busar da ita ta tsattsage, shi ya sa nake ɗauraye tawa in rataye a ɗaki. Malam, ko wace ka saya, ka sa filaya ka danne kunnen ƙugiyoyin, ko ka cire masu baki uku ka sa masu baki ɗaya. Rabin matsalar nan take tafiya. Kuma kada hannu ya shiga raga, filaya mai dogon baki ce aikinta.

Ɗan Gungu:
A danne kunne? Tsage yana tsalle sama yana kaɗa kai, ƙugiya mai kunne ma tofar da ita yake yi, balle marar kunne. Irin shawarar YouTube ce wannan. Turawa kama kifi suke su ɗauki hoto su mayar ruwa, shi ya sa suke son roba don kada santsin jikinsa ya goge. Mu tukunya za shi. Kuma haƙoran tsage ba su san 28,000 ba.

Injiniya:
Ba a waya na koya ba, ɗan'uwa. In zaren fatsa bai yi sako-sako ba kifi ba ya zarewa.

Ɗan Gungu:
Ɗan haye dai ɗan haye ne. Ga Baba nan ya faɗi homa, kowa ya wuce kamar bai ji ba. Da homa da gora ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka a Matan Fada ta Argungu, tun 1934 ake bikin kamun kifin nan.

Injiniya:
Gaskiya ne, amma a gasar Argungu ba a sa ƙugiya. Homa ba ta taɓa haɗuwa da baki uku ba balle mu san halinta. Ita ma zare ce.

Baba Basarke:
Wanga yaro ya faɗi gaskiya a nan, homa ba a yi ta don ƙugiya ba. Amma ina tambaya, robar taku ta san kifin kurungu? Ƙayarshi awa zarto take, in ya miƙe ta ya kulle babu ragar da ba ya kamawa.

Hajiya Mai Banda:
Ni ɗana 19,000 ya sayo wa maigida ta roba zalla daga Legas, da mariƙi mai naɗewa. Bai yi kukan sarƙewa ba, sai dai mariƙin ya karye a mahaɗa, ya sa mata gora.

Malamin Firamare:
Hajiya yaushe ke nan? Ƙanena 24,000 ya ce min. Kuma faɗin bakinta zai ɗauki giwan ruwa matsakaici? Injiniya, nauyin da ka ce, mai hannu ɗaya zai iya ko dole sai yaron ya riƙe min?

Hajiya Mai Banda:
Kafin azumi ne. Amma Malam wane giwan ruwa? Ku zo ku ga abin da ake kawo min banda yanzu. Karfasa kamar yatsu biyu, 'ya'yan giwan ruwa a cakuɗe da warangi, ƙananan kifayen nan. Kwandon da a da kifi goma ke cikawa, yanzu sai dai a auna da kwano.

Ɗan Gungu:
Masu dala ne, babbar ragar nan da ake ja zuwa gaɓa. An hana ta a tafkin nan, amma da dare ana ja. Dokar ma cewa ta yi idon kalli kada ya gaza inci 3, je ka bakin ruwa ka auna ka gani.

Mai Gura:
Dala ma da sauƙi. Gidan sauron da aka raba don yara na gani an ɗinke ana tace ruwa da shi, ko ƙwan kifi ba ya tsira.

Ɗan Tiga:
Ku ma masu gura kuna tare hanyar kifi da layi, kada ka wanke kanka.

Mai Gura:
Gurata ba ta kama ɗan da bai kai ba. Ka je ka tambayi masu zuba maganin ƙwari a fadama.

Baba Basarke:
Da, in sarkin ruwa ya ce an rufe wuri, ko ɗanai ba ya jefa birgi sai an buɗe. Yanzu wa ka jin magana? Kowa da injin jirgi da bashin mai, sai ya kwashe abin da ya samu.

Ɗan Gungu:
Baba, a faɗi gaskiya, wasu masu sarautar ma ana kai musu nasu kason, shi ya sa ba sa gani.

Kawu Mai Tarwaɗa:
Kuma masu shagon da ke sayar da raga mai ƙaramin ido su ne dai masu sayar da shafaffiyar nan. A fara da su.

Malamin Firamare:
Jama'a, gobe ƙanena zai shiga kasuwa. Zalla, ko in ci gaba da ta zaren in canza ƙugiya?

Mai Gura:
Ɗan Tiga, kai ma ina jiran ka faɗi idon birginka inci nawa ne.