Sikutar alkafura: walda ce ta haife ta ko gasa?

Mai Walda: Jama'a, ina nan a kan bakana: sikutar turawa da ƙafa ba gasa ce ta mayar da ita wasan manya ba, cire gaɓar ninkewa ne. Sikutocin Razor ta 2000 da Micro ta Wim Ouboter a Suwizalan an ƙera su ne don a naɗe a rataya. Duk dirar da aka yi, gaɓar nan ce ke shan nauyin, ramin fil ɗin ya buɗe, kai ya fara kaɗawa, ƙarshe wuya ya tsage. Sai da 'yan wasa suka ɗaure ta da noti, kamfanoni suka koma haɗa farantin da ake takawa da wuya da walda, sannan aka iya dira daga sama.

Ɗan Fili: Malam, ka fifita ƙarfe a kan mutum. Da wa kamfani zai gwada kayan? Gasar duniya ta ISA, ƙungiyar wasan sikuta ta ƙasa da ƙasa, ta fara a Ingila a 2012, Dakota Schuetz na Amurka ya cinye. Ryan Williams na Ostireliya ya kai sikuta Nitro Circus, wasan nuna bajintar tsalle da alkafura. A 2019 ta shiga gasar World Skate a Basalona. Nan kuɗi ya shigo.

Mai Walda: Shekara goma sha biyu tsakanin 2000 da 2012, ɗan'uwa. Me ake hawa a tsakani?

Uwar Boris: Ku biyun kun tsallake abin da ke riƙe fok, wato ƙarfen da ke kama tayar gaba, da sandar hannu. Tsohon fok mai zare yana kwancewa, kuma zaren da aka yanka ya rage masa kauri, nan yake karyewa. Maganinsa fok marar zare da matsi. Salon matsi na SCS, wanda kamfanin Proto ya fito da shi, yawanci noti huɗu ne: biyu na ƙasa su kama fok, biyu na sama su kama sanda, kuma sandar ba ta son tsaga. Salon matsi na HIC kuwa sai sanda mai kauri, kusan milimita 35, mai tsaga, da bututun ciko. Wanda ya sa sanda mai tsaga a SCS bai yanke tsagar ba, daga bakin tsagar za ta fashe. A fara ɗaure notin matsi har kai ya daina kaɗawa amma yana juyawa sumul, sannan notocin gefe, kaɗan-kaɗan, bi da bi.

Ɗan Fili: Yaya, wannan ai gyara ne, ba tarihi ba.

Uwar Boris: Shi ne tarihin, ƙanena. Dubi taya ma. Mai cikin roba, milimita 100, dira ɗaya a karkace ta tarwatse. Mai cikin alminiyom, 110 ko 120, ita ta ba da gudun hawa manyan gangara. Amma kada a manta ɗan bututun da ke tsakanin boris biyu. In babu shi, ana ɗaure gatari sai boris su cije, taya ta tsaya.

Mai Walda: To ka ji.

Ɗan Fili: Na ji, amma ban sallama ba. Sket, wato allo mai tayoyi, da wasan alkafura na keken BMX sun shiga Olamfik ta Tokiyo, sikuta ba ta shiga ba, alhali kayanta sun nuna tuni. Wane noti ne ya rage a ɗaure, Malam?