Kek ɗin 'yar tsana a zafin Sakkwato: kowa ta faɗi yadda ta yi nata

Maman Ilham, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata za ta cika shekara 4 ƙarshen watan Afrilu, ta kafe sai kek mai 'yar tsana da buje, wanda ake cusa 'yar tsana a tsakiya, kek ɗin ya zama bujenta. Waɗanda sunka taɓa yi don Allah ku ba mu labari, musamman batun gasawa da kwalliya a wannan zafin.

Ummu Sadik, Arkilla:
Wa alaikumussalam. Ni a kwanon silba mai zurfi nake gasa bujen, in ya huce in kife shi. Matsalar kwanon ita ce tsakiya: gefe ya gasu har ya fara duhu, ciki kuwa kwaɓi ne tsamo-tsamo. Ki rage wutar oven zuwa digiri 160, ki ba shi fiye da awa ɗaya, in sama ta fara ja ki rufe da foil. Kar ki sauke sai kin soka dogon tsinken tsire ya fito fes. Kuma ki auna 'yar tsanar kafin ki kwaɓa. Barbie tsayinta ya kai santimita 29, ƙafafunta sun fi kwanon tsawo, dole ki gasa wani faifan kek ki ɗora bujen a kai, in ba haka ba ƙugunta zai tsaya a waje.

Anti Mai Kek, Runjin Sambo:
Ƙanwata, gasawa mai sauƙi ce, zafin gari shi ne abin tsoro. Afrilu a garin nan ana wuce digiri 40, bota kuwa tun kafin nan ta saki jiki. Na taɓa yi wa wata mata, fure-fure ruwan hoda tun daga ƙugu har ƙasa, munka ɗauko a agwagwa da buje (Keke Napep) zuwa Gawon Nama da azahar. Kafin mu isa furannin ƙasa sun zube cikin faranti, bujen ya sulale gefe guda, 'yar tsana ta karkace kamar mai jin barci. Yanzu in lokacin bazara ne fondant (kwaɓin sukari da ake murzawa a lulluɓe kek) nake ba da shawara, ko a haɗa kirim da majarin Simas, ya fi bota jure zafi, sai dai ɗanɗano bai kai ba. Ki yi kwalliyar da dare ko bayan asuba, a yanka da yamma lis. Fondant kuma ba ya son firij, yana fitowa zai yi gumi, kala ta zuba.

Maman Biyu:
Mu da ba mu da oven fa, tukunya da yashi ce a kan gawayi. Kwano mai zurfi ba ya gasuwa da kyau haka, sai na yi faifai huɗu, babba zuwa ƙarami, na jera da kirim a tsakani, na sassaƙe da wuƙa. Ɓarɓashin yara sunka cinye tun a kicin.

Ummu Sadik:
Na manta, ki wanke 'yar tsanar, ki naɗe ƙafafunta da leda mai tsabta kafin ki cusa. Ramin da za ki cusa ta kuma ki fafe da wuƙa, in kika danna da ƙarfi kek ɗin zai tsage.

Hajiya Inna, Tudun Wada:
Jikata anka yi wa bara. Ni dai na ce ba za a ajiye min 'yar tsana kafaɗa waje a tsakar gida ba, sai mai yin ta yanka mata riga mai dogon hannu da ɗankwali, duk na fondant, wallahi har ta fi kyau. Ku kula da kyandir, gashin kan 'yar tsanar roba ne, yana jin wuta zai kama. A kafa kyandir ɗin can bakin faranti. Sannan a tanadi wani kek na rabo, don ana kai wuƙa yarinyar ta fasa kuka wai za a yanka mata ɗiya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Faifai zan yi irin na Maman Biyu, da rigar Hajiya. Anti, fondant nawa zai rufe bujen?

Anti Mai Kek:
Ki sayi kilo ɗaya, zai ishe ki har da riga da ɗankwalin.