An kira ni tantancewar gasar kacici-kacici ta talabijin a Abuja, in je ko in haƙura?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Kwanakin baya na cike fom ɗin wata gasar kacici-kacici ta talabijin, irin wadda ake zaunar da mutum ana jefa masa tambayoyi, kuɗi na ta hawa. Jiya aka turo min saƙo in je Abuja tantancewa ranar Talata. Ba su nemi ko sisi ba, amma kuɗin mota da masauki a kaina suke. Ga shi makon jarrabawa ne, hedimasta ya ce kwana ɗaya kawai zai iya ɗaga min. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min, ana gamawa a yini ɗaya? Kuma da Turanci zalla ake yi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, ko nawa suka ce ka biya na rajista kada ka tura. 'Yan damfara sun yi yawa.

Ɗan Kurmi:
Hajiya, ai ya ce ba su nemi komai ba. Malam ka je kawai, Allah Ya ba da sa'a. In an zo wajen kiran aboki a waya ka ba su lambata, amma tambayar ta tsaya a kan ƙwallo, in suka shiga lissafi kashe wayar zan yi.

Baban Khalifa:
Ƙanina, saurare ni da kyau, domin ni na shiga kuma na ɗanɗana. Wani kamfani ne ya shirya tamu a Kaduna, ya sayi fili a wata tashar talabijin. Tun bayan asuba aka tara mu a harabar otal, ba a kira rukuninmu ba sai bayan la'asar, ruwan leda ma da kuɗinmu muka saya. Na tsallake, aka yi ta kiranmu ɗaukar shiri, kowane zuwa daga aljihuna. Har akuyar matata na sayar da alƙawarin zan mayar mata da biyu. Allah Ya taimake ni na zo na biyu. Aka kawo wani ƙaton kwali mai siffar cek, aka rubuta dubu ɗari biyar, aka ɗauke mu hoto ina dariya, aka nuna a talabijin. Tun daga ranar gidana bai huta da baƙi ba. Wanda ke bina bashi ya zo, dangin da rabona da su tun bikina suka zo, surukina ya aiko a gaishe ni da "abin arziki". Kuɗin kuwa har yau ban gan su ba. Farko aka ce mai ɗaukar nauyi bai saki ba, daga baya aka ce ana cire haraji, ƙarshe ofishin ma ya koma shagon sayar da labule. Abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda ya yarda ba a biya ni ba. Har yau akwai ɗan uwan da ba ya gaishe ni sosai, a ganinsa na ci ni kaɗai.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah Ya saka maka Baban Khalifa. To ita mai akuyar fa?

Baban Khalifa:
Na biya ta daga albashi, kaɗan-kaɗan. Ita ce ma ta hana ni ƙona kwalin, ta ce shaida ce.

Injiniya Sokoto:
Allah Ya mayar da alheri, amma bai kamata a yi wa kowa kuɗin goro ba. Gasar kacici-kacici ta Who Wants to Be a Millionaire ta fara a Najeriya a 2004, Frank Edoho na gabatarwa, kuma a 2009 Aroma Ufodike ya cinye naira miliyan 10 a idon duniya. Shirin da ya daɗe, masu ɗaukar nauyinsa sanannu, daban yake da na wanda ya hayi zaure na wata uku. Malam ya duba ko shirin ya taɓa fita a baya, ya nemi waɗanda suka ci ya ji ta bakinsu, ya karanta takardar da za a ba shi kafin ya sa hannu.

Baban Khalifa:
Injiniya, kai ka taɓa zama a kujerar? A falonka kake kallo da rimot a hannu. Mu ma takarda muka sa wa hannu, har da tambarin lauya.

Injiniya Sokoto:
Yaya, ba sai kunama ta harbi mutum zai san tana da dafi ba. Ni dai shawara na bayar.

Ummu Abdallah:
Maganar kuɗin mota, maigidana ya je Abuja daga Funtuwa watan jiya, dubu goma sha biyu ya biya.

Direban Zuba:
Hajiya wace mota ce wannan? Ni a hanyar nake kwana nake tashi, ƙasa da dubu goma sha takwas sai dai a bayan tirela. In yana son kwanciyar hankali ya sauka Kaduna ya hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Kubwa ko Idu. Masauki kuma kada ya nema a cikin gari, ya fita Mararaba ko Zuba, dubu takwas ya isa.

Ɗan Kurmi:
Dubu takwas a Mararaba? Sai dai in da sauro za ku raba kuɗin ɗakin. Ni sha biyar na biya, fankar ma sai an tura ta da sanda.

Abu Safwan:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban ji ko a yini ɗaya ake gamawa ba, shi ne abin da zan faɗa wa hedimasta.

Gimbiyar Zazzau:
Malam ni dai ina roƙonka ka je, ko don a ga namu. Kullum muna kallon waɗannan shirye-shirye, da wuya ka ga Bahaushe a kujerar. Tambayoyin ma yawanci na mawaƙan Legas ne da biranen Turai. Ban taɓa jin an tambayi sunayen Hausa Bakwai ko shekarar da Turawa suka ci Kano ba, alhali 1903 tarihin Najeriya ne.

Injiniya Sokoto:
Laifinmu ne, ba ma cike fom. Wanda ya fara cin Big Brother ta Najeriya a 2006, gasar da ake tara mutane a gida ɗaya ana nuna zamansu a talabijin, Katung Aduwak ne, ɗan jihar Kaduna.

Maman Ilham:
Don Allah kada a haɗa kacici-kacici da wancan gidan. Ni ko tashar ba na bari a kunna a gaban yara. Musabaƙar Alƙur'ani ma ai gasa ce, ana nunawa, kuma ana ba da kyauta a gaban jama'a.

Gimbiyar Zazzau:
Bikin karramawa ma haka. AMVCA, bikin karrama fina-finan Afirka, a da tana da rukunin fina-finan Hausa, amma kafin ka gyara zama an kira suna an wuce, sauran daren na kallon riguna ne.

Direban Zuba:
Gara su, aƙalla ana tantance aiki. Na nan gida fa? An taɓa kawo wa shugaban tasharmu wasiƙa cewa an zaɓe shi gwarzon sufuri na Arewa, a ƙasa aka rubuta kuɗin tebur da kuɗin allon yabo. Da ya ce ba zai biya ba, sai aka ba wani mai shagon taya. Kuma an nuna bikin a talabijin, da jan kafet da komai.

Ummu Abdallah:
Wallahi an kawo wa makarantar da nake koyarwa irinta, har kala uku: na zinare, na azurfa, na tagulla, kowanne da farashinsa. Mai makarantar ta sayi na azurfa, mu kuwa a lokacin muna bin albashin wata biyu.