'Yan matanmu suna tsayawa a JSS3, ta ina za a fara gyara?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni. A ƙananan azuzuwa cika ake maƙil, wasu kan buhu suke zama, amma da an shiga SS1 sai bencina su yi mana yawa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 shekara tara kawai ta wajabta, a JSS3 ta tsaya, iyaye ma a nan suke tsayawa. Waɗanda suka daure kuma ba su da malamin fiziks, ni nake haɗawa da lissafi alhali ban karance shi ba. Ranar kwalifayin, jarrabawar tace waɗanda gwamnati za ta biya wa NECO, takarda ɗaya za a ba su da 'ya'yan birni masu lesin da yamma, wadda ta faɗi sai ubanta ya nemo kuɗin NECO. Bara wadda ta fi kowa ja a ajina haka ta koma tallan awara. Idan ku ne, ta ina za ku fara?

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumussalam Malama, Allah ya saka da alheri. Ni a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa na yi. Ita da ta Dawakin Kudu a 1977 aka buɗe su, aka riƙa tace yara da jarrabawa, ɗan manomi da ɗan attajiri kwano ɗaya, malamai na kwana a cikin makaranta. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga nan ba sa ƙirguwa. A dawo da makarantun kwana, shi ke nan.

Maman Biyu: Alhaji, wace uwa ce za ta kai 'yarta kwana bayan sace ɗalibai mata da aka yi a makarantar kwana ta Jangebe a 2021? Kuma taku ta zaɓaɓɓu ce, Malama maganar sauran take yi. Ni abin da ya sa na kusa cire babbar tawa banɗaki ne. Babu ƙofa, babu ruwa, duk wata sai ta yi kwana huɗu a gida. Da aikin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ya iso aka gina banɗaki da katanga, babanta da kansa ya daina ƙorafi.

Malam Mai Ritaya: Gini ba ya koyar da fiziks, 'yata. Shekara talatin da biyar na yi ina ganin wanda aka tura ƙauye ya samo takardar wani babba ya dawo birni kafin zango ya ƙare. A ba malamin ƙauye gida da alawus na gaske, a kuma ɗauki 'yan garin masu NCE, su ba su da inda za su gudu.

Malamar Lissafi: Baba, akwai tsohuwar ɗalibata da ta gama NCE a fiziks, tana zaune a gidan miji bayan kasuwa. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, zan roƙi Dagaci ya yi wa mijin magana, ko kwana biyu a mako ne.