Chelsea a hannun Amurkawa: gini ake yi ko kasuwa ake ci?

Ɗan Fagge

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Ku matso kusa, ɗalibi da malami,
Kan Chelsea yau zan cire takunkumi,
Abin da ido ya gani ba zan rufe ba.

Mayun 2022 aka ƙulla ciniki,
Boehly da kamfanin Clearlake suka karɓi aiki,
Fam biliyan 2.5 suka zube a banki,
Biliyan 1.75 alkawari ne, ba kyauta ba.

Kaso fiye da 60 na Clearlake ne,
Boehly fuska, Eghbali na Clearlake mai gida ne,
Kuɗin masu zuba jari na Amurka ne,
Riba suke nema, ba tafi kaɗai ba.

Farkon zuwansu manya suka kwasa,
Sterling da Koulibaly, kuɗi aka watsa,
Aubameyang ya zo don koci Tuchel, sau ɗaya ya sa shi wasa,
Aka kori kocin, ba su cika mako ba.

Satumba na kamawa Tuchel ya fita,
Potter ya zo, Afrilu ƙofa ya bi ta,
Lampard ya riƙe, ya kasa ɗaga ta,
Ta 12 da maki 44, ba mu manta ba.

Sai suka juya, suka ce sai yara,
Kwantiragin shekara 8 aka tsara,
Sun haura 30 kafin a cika shekara,
Ɗakin sa kaya ma bai ɗauke su ba.

Janairun 2023 mutum 8 aka ɗauka,
UEFA ta ce 3 kaɗai a Gasar Zakaru za ku saka,
Enzo, Mudryk, Félix aka shigar haka,
Badiashile da Auba ba su samu gurbi ba.

To ku faɗa mini, 'yan'uwa masana,
Gini ne wannan ko cin kasuwar rana?
Mai sanin lissafi ya zo ya bayyana,
Ni dai ban ga tubalin tushe ba.

Akawun Kantin Kwari

Yaya Ɗan Fagge, na amsa kira,
Ƙulli ne na lissafi, bari in kwance shi.

Dokar Firimiya a lokacin, cikin shekara 3,
Gejin asara fam miliyan 105 ne, kar ka haure shi.

Everton ta haura, aka zabge maki 10 ya dawo 6,
Forest ta rasa 4, kowa ya shaida shi.

Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi dunƙule,
Bisa shekarun kwantiragi ake raba shi.

Ɗauki Enzo, kusan miliyan 107 daga Benfica,
Shekara 8 da rabi aka ɗaure shi.

Raba ka gani, miliyan 12 da rabi duk shekara,
Iyakar nauyin da littafi ke ɗauke da shi.

Da shekara 5 ce, miliyan 21 ne da ɗoriya,
Bambancin nan wani yaron ake sayowa da shi.

UEFA ta farga, daga Yulin 2023 ta ce
Rabo ya tsaya a 5, ko shekara 10 ka ba shi.

Firimiya ta bi sahu a watan Disamba,
Cinikin da ya riga ya wuce aka ƙyale shi.

Sayarwa kuwa nan take ake ƙirga ta,
Farashi, a cire ragowar da littafi ke bin shi.

Yaron Cobham, makarantar renon Chelsea, ba a saye shi da ko kwabo ba,
Duk abin da aka biya riba ce tsantsa a kanshi.

Mount miliyan 55, Hall 28, Maatsen 37 da rabi,
Kowanne ya toshe ramin da sayayya ta haƙa shi.

Ranar 30 ga Yuni ake rufe littafi,
Wanda za a sayar, kafin nan ake tura shi.

Otal 2 na gefen fili, miliyan 76 da rabi,
Kamfanin gida ya saya, Firimiya ta amince da shi.

Ƙungiyar mata ta bi hanyar, kusan miliyan 200,
UEFA ta ce irin wannan kuɗi ba ta ƙirga shi.

Yulin 2025 ta yanka tarar yuro miliyan 31,
Farashin dabarar ke nan, sai an biya shi.

Ga inda haɗarin yake: yaro ya gaza a shekarar farko,
Albashin shekara 7 na gaba, wa zai ɗauke shi?

Ka sayar ƙasa da ragowar, asara ce a rubuce,
Ka ajiye, daraja na zubewa, benci na cin shi.

Mudryk tun Disambar 2024 aka dakatar kan gwajin ƙwaya,
Kwantiragi har 2031 ke ɗaure da shi.

Gimbiyar Damagaram

Malam Akawu, sannu da ƙoƙari,
Amma ku dubi inda suka koyo tsari,
Wasannin Amurka na da nasu shiri,
Matasa ake jerawa, kowa na zaɓowa.

Ƙungiya 32 a NFL, zagaye 7 ake yi,
Ta ƙarshen tebur ita ce farko a layi,
Kwantiragin shekara 4, albashi ba nauyi,
Kuma ba ƙaramar gasa da ake gangarawa.

A Turai ba a raba yara kyauta,
Wadda ta zo ƙarshe, ƙasa ake tura ta,
Shi ya sa Chelsea ta kafa layi nata,
Tun suna 16, 17 take kamawa.

Estêvão na Palmeiras, 2024 aka gama magana,
FIFA ta ce ƙasa da 18 a gida zai kwana,
Ya ƙara shekara a Brazil yana nuna,
2025 ya sauka Landan da ƙwarewa.

Yunin 2023 suka sayi Strasbourg ta Faransa,
Can ake kai ɗanye ya samu wasa,
Andrey Santos a Forest an bar shi ƙasa,
A Strasbourg ya nuna, ya dawo da gogewa.

Caicedo, ƙasa da miliyan 5 Brighton ta biya,
Chelsea har 115 ta amince don tsakiya,
Gara ka je Ecuador da kanka tun safiya,
Kafin dillali ya ninka yana sayarwa.

Palmer miliyan 40, City kaɗan ta bar shi ya buga,
Kakar farko ƙwallo 22 ya jefa a raga,
Caicedo wasa 38 duk da shi aka shiga,
Kakar 2024/25, ba fashi ba gazawa.

Mayun 2025 a ƙarshen kofin Conference, Betis 4 da 1 aka doka,
Yuli PSG ta sha 3 da nema a Amurka,
Palmer ya ci 2, ya ba João Pedro ya saka,
Kofin duniya na ƙungiyoyi ne, Yaya, ba a musantawa.

Baban Zangon Kumasi

'Yata Gimbiya, na yarda an ci kofi,
Ɗana Akawu ya buɗe mana littafi,
Amma Firimiya kogi ce mai zurfi,
Wasa 38, ga sanyi ga ƙarfi,
Ba ta ɗaguwa sai da ƙashin baya.

Gola, da ɗan baya mai tsawa da tsara,
Ɗan tsakiya mai tare hanya da shara,
Sai mai cin ƙwallo, ɗan lamba tara,
Su 4 ake fara nema, sannan a ƙara,
'Yan gefe su ne ƙarshen sayayya.

2004 Mourinho ya ba da misali,
Čech miliyan 7, ya tsare raga da hankali,
Carvalho gefen Terry, tubali kan tubali,
Makélélé a gabansu, Drogba na kwance ƙulli,
Ƙwallo 15 aka ci su, maki 95 a kaka ɗaya.

Kakar 2023/24, ƙwallo 63 aka zuba,
Thiago Silva ɗan 39 shi ke duba,
Ya tafi Fluminense, ba a samu kamarsa ba,
Fofana gwiwa ta kwantar, kakar bai taɓa ba,
Colwill ma Agustan 2025 ya shiga jinya.

Raga kuwa an sayi hannu da yawa,
Sánchez 25, Petrović 14, Jörgensen 20 na biyowa,
Haɗa su, kusan miliyan 60 ke fitowa,
Da gola ɗaya aka saya, mai cikawa,
Da 'yan baya sun huta da sauyin murya.

Jackson na da gudu, yana da himma,
Ƙwallo 14, sannan 10, an gode ma,
Amma mai son lashe gasa 20 yake nema,
Nkunku miliyan 52, gwiwa tun fari ta kama,
Lavia minti 32 ya buga kakar gaba ɗaya.

Agustan 2024, Osimhen an zauna da shi,
Har daren rufe kasuwa ana lallashi,
Tsarin gida ƙaramin tushe, sai ka ci a ƙara albashi,
Ba a daidaita ba, Galatasaray ta are shi,
Ƙwallo 26 ya ci, ya lashe gasar Turkiyya.

Ɗan Fagge

Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo ciwo,
Akawu ya ce riba tsantsa, ga abin da ta jawo,
Gallagher tun yana ɗan 8 Cobham ta yi kiwo,
Ba don ya gaza aka sallame shi ba.

Kakar Pochettino kambun kyaftin ya ɗaure,
James da Chilwell na jinya, shi ya jure,
Atlético ta ba da sama da miliyan 30, aka ture,
Shekara ɗaya ta rage, ba a sabunta ba.

Don ciniki ya faɗa aka karɓi Félix a madadi,
Sama da miliyan 40, ga dogon wa'adi,
Fabrairu aka kai shi Milan aro, ba daɗi,
Sai Al-Nassr, bai cika shekara ba.

Lamba 14 ta Chalobah ce aka ba shi,
Chalobah kuma Palace aro aka tura shi,
Janairu rauni ya yi yawa, aka kira shi,
Gidan bai wadatu da barinsa ba.

Malamar Tudun Wada

Yayyena, ku ba ni wuri in kawo doka,
Saye daban, rajista ce ke ba shi damar taka.
Jerin Firimiya mutum 25 ne iyaka,
17 ne kaɗai baƙin da za ka saka.
Sauran 8 renon Ingila ko Wales, shekara 3 suka cika
Kafin su kai 21, ko ba gidanka suka tashi ba, an yarje maka.
'Yan ƙasa da 21 ba a ƙirga su, komai yawansu ɗauka,
Nan ne asirin yaran da ake kwasowa haka.
UEFA ta fi tsauri: cikin 8 ɗin, 4 renon gidanka,
In babu su gurbin ya zauna fanko, ba mai cike maka.
Sabon yaro ba ya shiga jerinta na matasa sai ya shekara 2 wurinka,
Kafin nan cikin 25 yake zaune, yana cin gurbin babbanka.
Duk ɗan Cobham da ka sayar don gyaran littafinka,
Gurbin Gasar Zakaru ne ka kai kasuwa da hannunka.
Aro ma FIFA ta ƙayyade, daga Yulin 2024 mutum 6 ƙetare za ka aika,
Ƙungiya ɗaya 3 kacal, ko Strasbourg ce ƙanwarka.
Atisaye 11 da 11 ne, Yaya, ko wane ne kocinka,
In sun kai 30, mutum 8 na tsaye suna kallonka.
Sterling da Disasi a 2025 gefe aka keɓe su haka,
Albashi na fita duk mako, fili ba sa taka.

Akawun Kantin Kwari

Malama ta gama da doka, saura tushen kuɗi,
Stamford Bridge kujera 40,000 ke cikinshi.

Emirates 60,000, Tottenham 62,000, Old Trafford 74,000,
Duk wasan gida giɓin nan a aljihu ake jin shi.

Ƙasar filin ta Chelsea Pitch Owners ce, magoya baya,
Ƙaura da sunan sai sun amince da shi.

Yawancin kakar 2024/25 ƙirjin riga fanko,
Kuɗin tallan da ake jira ba wanda ya kawo shi.

UEFA ta ce kashi 70 na abin da ya shigo
Shi ne gejin kashewa, saye da albashi da dillali a cikinshi.

In kuɗin shiga bai ƙaru ba, ɗan gida za a yi ta sayarwa,
Alkawarin biliyan 1.75 har da fili, a fara da shi.

Gimbiyar Damagaram

Baba, na karɓi batun ƙashin baya,
Amma ban saki yaran ba, suna kan hanya,
A sayo 2 kacal, gola da babba mai murya,
'Yan 27 zuwa 30, masu gogewa.

A bar sayen ɗan gefe, an tara sun isa,
James, Colwill, Chalobah, kar a taɓa ko da wasa,
Acheampong ne na huɗu, a ɗauko shi daga ƙasa,
Gurbin UEFA 4 ke nan, ba na sayarwa.

Baban Zangon Kumasi

'Yata, ɗan 28 ba ya zuwa a kan alkawari,
Tushen albashi yake dubawa tun fari,
Abin da ya hana Osimhen ke nan, wannan tsari,
Sai Eghbali ya sassauta wa mutum 2 a jeri,
In bai yi ba, golanki Sifaniya zai nufa ko Italiya.